Aikin cikin na'ura ko aikin fuskar manhaja: wanne ke jure shekaru?

Ƙannena maza da mata da kuka fara koyon rubuta manhaja, akwai shawarwari biyu da za ku yi ta ji, kuma duka daga bakin masu son ku da alheri suke fitowa. Ta farko tana cewa ku bar aikin shafukan intanet da manhajojin waya, domin kowa ya iya shi, kayan aikinsa ba sa shekara biyar ba su canza ba, ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta zo za ta cinye shi. Ku gangara ƙasa ku koyi yaren C da yadda ake ba ƙwaƙwalwar na'ura umarni kai tsaye, can ne ilimi ba ya tsufa. Ta biyu tana cewa wannan wahalar banza ce, aiki da kuɗi suna wajen JavaScript da Python, ku koyi abin da kasuwa ke nema yau. Abin da nake gani shi ne an cakuɗa tambayoyi biyu a cikin ɗaya. Daɗewar ilimin da ke kan mutum daban, daɗewar gurbin da ake biyansa albashi a kansa daban. Wanda bai raba su ba zai iya zaɓen hanya saboda dalili mai kyau, ya ƙare a inda bai zata ba.

Manhaja hawa-hawa ce. A can ƙasa akwai masu rubuta abin da ke taɓa na'urar kanta: zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, umarnin da ke cikin mitar wuta da inbata da injin mota, da abin da ke sa kyamarar waya ta yi magana da sauran sassanta. Waɗannan su ke lissafin kowane gurbi na memori da hannunsu, kuma yawanci da C ko C++ suke aiki. A can sama akwai masu gina abin da mutane ke gani suna dannawa, kamar manhajar banki da shafin rajistar jarrabawa da tsarin biyan albashi. Su yaren da suke amfani da shi ya ɗauke musu lissafin memori, hankalinsu yana kan buƙatar mai amfani.

Masu shawarar farko suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a ɗakunan bincike na Bell a Amurka wajen 1972. Da shi Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a 1991, kuma zuciyar Linux ce ke cikin kowace wayar Android da ke aljihunku yanzu. Ƙa'idojin TCP/IP da intanet ke tafiya a kansu an koma musu ne a ranar 1 ga Janairun 1983, har yau ba a sauka daga kansu ba. Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa shekara talatin da suka wuce, mafi yawan abin da ya sani yana nan da amfaninsa. Ku kwatanta shi da wanda ya ba da ƙuruciyarsa ga Flash, wanda a wani lokaci da shi ake yin kusan duk bidiyo da wasannin da ke shafukan intanet. A Afrilun 2010 Steve Jobs ya fito fili ya bayyana dalilan da suka sa Apple ba zai bar shi ya shiga iPhone ba, kuma a ranar ƙarshe ta 2020 kamfanin Adobe ya daina kula da shi gaba ɗaya. Ko ku dubi AngularJS, wani kayan gina shafukan intanet da Google ya fitar a 2010: a 2016 aka sake rubuta shi daga tushe ta yadda sabon bai dace da tsohon ba, a ƙarshen 2021 kuma aka rufe babin tsohon. Dubban mutane sun kwana suna haddace sirrin waɗannan kayan aiki, sirrin da yau ba mai tambayarsu.

To amma ku tuna da Nokia. Babu wanda ya girma a Kano ko Damagaram a shekarun 2000 da bai san darajar wannan suna ba. Manyan wayoyinta suna tafiya ne a kan babbar manhaja mai suna Symbian, wadda aka rubuta da wani salo na C++ mai wuyar koyo, mai tsananin tsimin memori da batir. Masu wannan aiki ƙwararru ne na gaske, kusa da ƙarfe suke, kuma a lokacin ana ganin gurbinsu ba ya girgiza. A Fabrairun 2011 shugaban kamfanin, Stephen Elop, ya sanar cewa Nokia za ta koma manhajar Microsoft, kuma wayar Symbian ta ƙarshe ta fito a 2012. Abin da suka sani game da memori da tsimin wuta bai mutu ba, da yawa sun tafi da shi wasu wurare. Amma gurbin ya tafi, kuma wuraren da ke buƙatar irin wannan gwaninta ba su da yawa. Haka a Agustan 2024 kamfanin Intel, wanda sana'arsa ita ce ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya sanar da rage ma'aikata kusan 15,000. Kusanci da ƙarfe bai hana takardar sallama zuwa ba.

Nan ne maganar ta fi shafarku. Kamfanonin da ke ɗaukar masu aikin cikin na'ura da yawa sun taru ne a inda ake ƙera na'urorin: Amurka, Taiwan, Koriya ta Kudu, China, Jamus, da wasu biranen Indiya. Aikin kuma sau da yawa yana buƙatar na'urar a gabanka, da kayan awo masu tsada, wani lokaci ma samfurin da kamfani ba zai yarda ya bar harabarsa ba, don haka yin sa daga nesa ya fi wuya. Aikin sama kuwa kwamfutar cinya da data da wutar da za ta riƙe caji sun isa. Kamfanonin fasahar da suka yi suna a Najeriya, irin su Paystack da Flutterwave da Moniepoint, harkar biyan kuɗi suke yi, kuma mafi yawan masu rubuta musu manhaja a hawan sama suke. Idan kamfani ɗaya ya rufe, mai wannan aiki yana da bankuna da asibitoci da makarantu da hukumomi da ƙungiyoyi da zai kai wa takardarsa. Tsaron aiki yana da alaƙa da yawan ƙofofin da mutum zai iya ƙwanƙwasawa daga inda yake zaune, kuma wannan lissafi ne da masu shawarar farko ba sa cika yi, domin yawancinsu daga ƙasashen da ƙofofin biyu ke buɗe suka ɗauko maganar.

Sannan ba gaskiya ba ne cewa duk abin da ke sama mai saurin mutuwa ne. SQL, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, yana cikin yarukan da suka fi nisa da ƙarfe, mutum yana faɗin abin da yake so ne kawai ba tare da ya faɗi yadda za a nemo shi ba. A kamfanin IBM aka fara shi a tsakiyar shekarun 1970, kuma har yau da wuya ku sami banki ko kamfanin waya da ba ya dogara da shi. COBOL ya fi shi tsufa, tun 1959 yake, an yi shi ne don lissafin ofis. A Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta jefa mutane cikin rashin aiki, gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, saboda tsohon tsarin biyan tallafin marasa aiki ya kasa ɗaukar cunkoson masu nema. Python tun 1991 yake, JavaScript tun 1995. Idan kun lura, abin da ya haɗa Flash da AngularJS da Symbian shi ne kowannensu rayuwarsa tana hannun kamfani ɗaya, kuma ranar da kamfanin ya juya baya shi ke nan. Abin da ya haɗa C da SQL da TCP/IP kuwa shi ne jama'a da yawa sun gina dukiyarsu a kansu, babu mai ikon kashe su shi kaɗai, kuma kuɗin sauya su ya fi kuɗin ci gaba da kula da su. Wannan bambanci ya ratsa hawa biyun duka, kuma shi ya kamata ku riƙa dubawa kafin ku ba wani abu shekarunku.

Akwai misalin da ya shigo har cikin gidajenmu. Mitar wuta ta kati da ake amfani da ita a Najeriya da ƙasashe da dama tana bin wata ƙa'ida mai suna STS, wadda ta samo asali daga Afirka ta Kudu. Kowace lamba mai alƙaluma 20 da kuka saya tana ɗauke da shaidar lokacin da aka fitar da ita, don kada a loda ta sau biyu. Wannan shaida ƙidayar mintuna ce da ta fara daga 1 ga Janairun 1993, kuma gurbin da aka tanadar mata yana iya ɗaukar mintuna 16,777,216 ne kawai. Idan kuka raba wannan adadi za ku ga bai cika shekara 32 ba, kuma ya ƙare a ranar 24 ga Nuwamban 2024. Shi ya sa kamfanonin rarraba wuta suka yi ta shela cewa kowa ya loda wasu lambobi biyu na musamman a mitarsa kafin ranar, in ba haka ba ta daina karɓar kati. Ku dubi wanda aka buƙata a wannan aiki. Matsalar ta hawan ƙasa ce tsantsa, maganar girman gurbi a cikin memori. Amma maganinta ya bi ta manhajojin sayar da kati, da rumbun bayanan miliyoyin masu mita, da manhajojin bankin da mutane ke sayen wuta da su, wato ta hannun masu aikin sama. Wanda ya fi daraja a irin wannan rana shi ne mai aikin sama da ya fahimci dalilin da ya sa ƙidaya ke cika ta koma sifiri, ko mai aikin ƙasa da ya san yadda kati ke tafiya daga kamfani zuwa hannun mai saye. Irin wannan rana kuma tana nan tafe: tsofaffin tsare-tsaren da ke ƙidaya daƙiƙoƙi daga 1970 a cikin ƙaramin gurbi za su cika a ranar 19 ga Janairun 2038, lokacin da yawancinku kuke tsakiyar ƙarfin aikinku.

Saboda haka shawarata ga mafi yawanku ita ce ku shiga ta ƙofar da ta fi faɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma matashin da iyaye ke jiran ya fara kawo wani abu gida ba zai iya shekara huɗu yana jiran gurbin da babu shi a garinsu ba. Ku koyi yare ɗaya na sama ku iya shi sosai, ku sami aiki, ku ga yadda manhaja ke lalacewa a hannun mutanen gaske. Amma daga shekarar farko ku ɗora wa kanku wajibi ɗaya: duk hawan da kuke aiki a kai, ku san wanda ke ƙarƙashinsa. Mai gina shafi da React, wani kayan aikin JavaScript, ya san JavaScript ba tare da React ba, ya san abin da ke faruwa tsakanin danna maɓalli da dawowar amsa daga saba. Mai Python ya zauna wata uku da C har ya gane abin da ake nufi da adireshin memori, da dalilin da ya sa wani lissafi ke gudu wani ke rarrafe. Mai amfani da kayan da ke rubuta masa SQL ya koyi rubuta shi da hannu, ya iya karanta yadda rumbun ya tsara neman amsa. Kowa ya iya Linux daga baƙin allon rubuta umarni. Duk wanda ya taɓa kai waya gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano ya san masu canza gilashi suna da yawa kuma suna samun ciniki kullum, amma idan waya ta ƙi tashi gaba ɗaya, wajen mutum ɗaya ko biyu da suka iya bin layin wuta a kan bod ake tura kowa, kuma su sabon samfurin waya ba ya mayar da su ɗalibai daga farko.

Za a ce wannan ɓata lokaci ne, tunda babu mai ɗaukar aiki da zai biya mai gina shafi don ya san C. Gaskiya ne ba za a rubuta shi a takardar neman ma'aikata ba. Amfaninsa yana fitowa ne a wurare biyu da ba a rubutawa. Na farko ranar da abu ya lalace ta hanyar da kayan aikin ba su yi tanadi ba, manhaja ta riƙa cin memori har ta faɗi, ko ta yi nauyi a kan ƙaramar waya mai rahusa a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wanda shi ne halin mafi yawan masu amfani da waya a yankinmu. A ranar ake gane wanda za a riƙe idan an zo rage ma'aikata. Na biyu ranar da kayan aikin ya mutu. Wanda ya haddace AngularJS kawai ya koma farko a 2016, wanda ya san abin da AngularJS ke yi masa a ɓoye kuwa makonni kaɗan suka ishe shi ya kama sabon, domin duk waɗannan kayan matsala ɗaya suke warwarewa ta hanyoyi mabambanta.

Za a kuma ce ƙirƙirarriyar basira ta rushe wannan lissafi duka. Tun fitowar GitHub Copilot a 2021 da ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, na'ura tana rubuta manhaja, kuma ta fi ƙwarewa a irin aikin da aka yi sau dubbai, kamar fom ɗin rajista da shafin shiga. Ban raina wannan barazana ba, kuma ina ganin masu shigowa sabo ne za ta fi matsa wa, domin irin aikin da ake fara ba su ke nan. Sai dai gudu zuwa C ba mafaka ba ce, na'urar tana rubuta C ma. Abin da ya rage a hannun mutum shi ne hukunci: ya karanta abin da aka rubuto, ya gane inda zai karye, ya ɗauki alhakinsa. A ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya sa manhajarsu da ke aiki a zuciyar Windows ta karanta wani wuri a memori da bai kamata ba, kuma Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka faɗi. Jirage sun kasa tashi, asibitoci sun ɗage ayyuka. Inda kuskure ke da irin wannan tsada, dole a ci gaba da biyan wanda zai iya dubawa ya ce a dakata, kuma ba ya iya faɗin haka sai ya san abin da ke ƙasa. Ƙaruwar rubutun da na'ura ke yi tana ƙara yawan abin da ke buƙatar dubawa.

Wasu za su ce shi kansa C ɗin ana shirin yi masa ritaya. Akwai ƙamshin gaskiya: a 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da yake toshewa daga kuskuren sarrafa memori suke, a Disamban 2022 Linux ya fara karɓar yaren Rust mai kare memori, a Fabrairun 2024 kuma fadar White House ta fitar da rahoto tana kira a koma yarukan da ke kare memori. Amma Rust ba ya sauƙi ga wanda bai san matsalar da aka yi shi don magancewa ba, kuma tarin C da ke cikin motoci da jirage da na'urorin asibiti zai daɗe yana buƙatar masu kula da shi.

Akwai kaɗan daga cikinku da zuciyarsu tana wajen na'urar kanta, waɗanda fitila ɗaya da suka sa ta kunnu da umarninsu ta fi faranta musu rai a kan shafi goma. Ku ban ce ku danne wannan ba, domin aikin da mutum ke so ne yake jure wahalarsa har ya ƙware. Allunan gwaji irin su Arduino da ESP32 ba su fi ƙarfin ɗalibi ba, kuma buƙatar gida tana nan a mitoci da inbatocin sola da na'urorin POS da famfunan ban ruwa. Linux a buɗe yake ga duk mai son ba da gudummawa, kuma gyaran da aka karɓa daga hannunku shaida ce da kamfani a ko'ina zai iya gani. Ku dai shiga da sanin cewa guraben kaɗan ne, hanyar farko tana da tsawo, kuma wataƙila ta kai ku barin gida. Ku ma wajibinku ɗaya ne, ta ɗaya gefen: ku san hawan da ke samanku, ku iya Python da rumbun bayanai, don na'urar da kuka gina ta iya aika bayananta inda za a yi amfani da su, ku kuma ku sami abin riƙewa idan masana'antar ta yi sanyi.

A Janairun 2023 kaɗai Google ya sanar da sallamar ma'aikata 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma 18,000, kuma babu hawan da ya zama katanga. Abin da ke saurin mayar da mutum bakin aiki bayan irin wannan shi ne wani fanni na rayuwa da ya sani ciki da waje tare da manhaja. Saƙon da ke tafiya tsakanin na'urar POS da banki yana bin ƙa'idar ISO 8583, wadda ta fara fitowa a 1987, kuma wanda ya san ta, ya san abin da ke faruwa idan an cire kuɗi amma mai shago bai gani ba, da yadda ake daidaita lissafi a mayar wa mutum haƙƙinsa, bankuna za su neme shi ko da wane yare suke aiki a shekarar. Haka wanda ya san tsarin bayanan marasa lafiya, ko lissafin haraji, ko rarraba wuta. Don haka idan aka ba ku zaɓi tsakanin aiki biyu a farkon tafiya, ku tambayi wanne ne zai bar ku ku zauna da tsari ɗaya shekara biyu ko uku kuna ganin yadda yake lalacewa ana gyarawa, da kuma ko akwai wani babba a wurin da zai riƙa karanta abin da kuka rubuta yana nuna muku kuskure. Idan bambancin albashin ba mai yawa ba ne, ku ɗauki wannan.